Sunan Auta a Jerin Masu Tafiya

Daga makaranta, ranar Asabar

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, da keken ɗinkin nan naki mai ƙarar da ke hana maƙwabta barcin rana. Yaya jikin Inna? Ki durƙusa mata a madadina, ki ce Autarta na gaishe ta. Ni lafiya ƙalau, in ban da murar alli da ta ƙi rabuwa da ni.

Kin san nan ba a samun waya sai an hau tudun bayan ɗakin kwanan ɗalibai, shi ma sai ta ga dama. Shi ya sa na ba direban makaranta wannan ya ajiye miki a shago in ya shigo gari sayayya.

Shekara ta zo ƙarshe, an fara shirin ranar ba da kyaututtuka, wadda a nan ake haɗa ta da bankwana da malaman da za su tafi. Tun shekarar da na zo na yi kuskuren nuna cewa na iya tsara magana, aka ɗora mini rubuta jawabin bankwanar kowa. Shekara shida ke nan ina yabon masu tafiya, ina naɗe musu agogon bango a takarda mai ƙyalli, ina tsayawa bakin get ina ɗaga musu hannu har motarsu ta ɓace. Bana mutum uku ne. Malamin lissafi zai yi ritaya bayan shekara talatin da biyar yana aiki. Mai kula da ɗakin karatu an mayar da ita kusa da mijinta. Ta ukun kuwa, ki ajiye almakashi ki zauna tukuna, ni ce.

Firinsifal ta sa hannu a takardar neman canjin wurin aikina. Yanzu tana can ofishin ilimi na garinku, saura sa hannun Darakta kawai. In ya sa, zan dawo makarantar da ke bayan kasuwa, in riƙa kwana ɗaki ɗaya da Inna. Da na tambayi wa zai rubuta nawa jawabin, duk ɗakin malamai suka koma kallon silin, don haka ni zan rubuta abina. Na rubuta “malama mai haƙuri” na goge, don na san in kika ji sai kin shekara kina mini dariya.

Ga wani abin daɗi kuma. Sakamakon jarrabawar haɗin gwiwa ta makarantun yankin ya fito jiya, yarana arba'in da uku cikin arba'in da biyar sun ci kemistiri, mu ne na ɗaya. Da ɗakin gwajin nan namu mai famfo ɗaya, wanda risho muke kunnawa in za mu dafa wani abu! Na saka miki kwafin takardar, ki karanta wa Inna ta ji inda wahalarta ta kai.

Daga nan zuwa ƙasa kada ki karanta mata. Yaya, ki faɗa mini gaskiya kan mantuwar nan. Ke ta fara goyawa kafin ta haife ni, ko da yake 'yar yayarta ce ke, kin fi ni sanin ta. Zuwana na ƙarshe sai da ta kira ni da sunayen mutum biyu kafin ta kai ga nawa. Tsoro nake ji. So nake in dawo tun tana gane ni.

Ƙanwarki,
Auta

*

Daga shago, ranar Laraba

Auta, babbar malama,

Na amsa sallamarki. Duk muna lafiya, kuma keken ɗinkina ya ce a gaya miki shi ya ɗinka miki kayan makaranta tun kina yawo da majina, ki iya bakinki.

Da na karanta cewa ke ce ta ukun, ihun da na yi sai da mai shagon kusa da ni ya leƙo yana tambaya ko allura ce ta soke ni. Na rufe shago da rana tsaka na tafi gida na karanta wa Inna. Sau uku ta sa na maimaita. Wurin arba'in da ukun nan ta ce, “To su biyun fa, me ya same su?” Kin ji Inna, ko a hakan sai ta nemo inda aka rage.

Tunda gaskiya kika nema, ga ta. Shekaranjiya na tsinci takalminta cikin firiji. Ranar Lahadi ta ɗauki mayafi wai za ta kai wa Baba abinci wurin aiki, Baban da ya shekara goma a ƙasa. Likita ya ce ciwon nan gaba yake yi, ba ya komawa baya, maganin dai yana rage masa gudu ne. Amma ke tana riƙe da ke. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai ta ɗaga kai ta ce, “Auta ce?” Ni da ke mata wanka ina ba ta abinci, wani lokacin “yarinyar nan” take ce mini. Ba na jin haushi, amma ki sani na rubuta, in kin dawo za mu yi shari'a.

Na fara gyara miki gefen ɗakinta. Na fitar da tsofaffin akwatunan nan, na ɗinka sabon labule, kore, don na san ba kya son ja.

Takardar sakamakonki kuwa na sa an yi mata leda na manna a bangon shago, saitin madubi, yadda duk wadda ta zo gwada kaya sai ta gani ko ba ta so. Kuma ji ikon Allah, kin san wa nake wa ɗinki wannan satin? Matar Daraktan naku! Shekara huɗu ni ke mata ɗinki, ban taɓa roƙon ta ko zare ba. Don haka maganar sa hannun nan ki kwantar da hankalinki. Takarda in ba a bi ta ba, sai ta tsufa a ƙarƙashin wasu. Na san inda zan taɓa.

Yayarki

*

Daga makaranta, ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, a gaida Inna da kowa. Direba ya riga ya tada mota, a tsaye nake rubutun nan kan tagar ɗakin malamai.

Don girman Allah kada ki taɓa ko'ina. Tun da na karanta “na san inda zan taɓa” nake neman mai kawo miki wannan. Ki cire takardar nan daga bango, ki sa ta ƙarƙashin katifa, kada matar Darakta ta gan ta, balle shi.

Laifina ne da ban yi miki bayani ba. A aikinmu ba wanda ya fi ƙoƙari ake saki ba, wanda tafiyarsa ba za ta yi wa kowa ciwo ba ake saki. Firinsifal ta sa mini hannu ne kwana tara kafin sakamakon ya fito. Da ya fito ta kira ni ofis, ta dube ni ta dubi takardar, ta ce, “Malama, na riga na yi miki alkawari, ba zan janye ba. Amma ba zan aika sakamakon nan ofishin ilimi ba sai an gama da takardarki. Ke ma ki rufe bakinki.” Ta yi mini halacci, don ita ma ba ta da wata malamar kemistiri sai ni.

Abin da nake so shi ne takardata ta shiga cikin tarin takardu kamar ta kowa, Darakta ya sa hannu yana hamma, bai ma karanta sunan ba. Malamin lissafin da na ce miki zai yi ritaya, sau tara ya nemi a mayar da shi garinsu. Kowace shekara yaransa na cin jarrabawa, kowace shekara a aiko masa da takardar yabo. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duk yana cikin aji aka aiko masa da rasuwarsu. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, yana goge allo, ko juyowa bai yi ba.

Ki bar ta ta tsufa a ƙarƙashin wasu, Yaya, hakan nake so. Na gode da labulen.

Auta

*

Daga shago, ranar Alhamis

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru ban ji daga gare ki ba, direbanku bai leƙo ba yau kusan sati biyu, don haka zan ba mai motar haya wannan. Inna da sauƙi, tana cin abinci, sai dai barcin rana ya yi yawa.

Albishirinki! Aiki ya gama. Ranar Litinin na kai wa matar Darakta ɗinkinta har gida, na ce yau kam roƙo na zo. Ta ce in je ofis ranar Laraba, za ta gaya masa. Jiya na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure, na ɓamɓaro takardarki daga bango na sa a jaka. Awa biyu na yi kan benci, masinja na mini kallon raini, sai ga shi an ce tela ta shigo.

Mutum ne mai kirki, har kujera ya nuna mini. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙanwata ce ke neman a dawo da ita gida, uwarmu ba lafiya. Ba alfarmar banza na zo nema ba, ga aikinta.” Na shimfiɗa masa takardar a tebur. A wurinmu teloli, yarinyar da ta fi iya ɗinki ita ake fara yayewa ta je ta buɗe nata shagon, haka na gaya masa. Ya yi murmushi.

Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Wannan sakamakon bai iso mana ba tukuna. Malaman kemistiri nawa ne a makarantar?”

Na ce, “Nawa kuma? Ita kaɗai ce! Tun daga ƙananan aji har manya ita ke riƙe da su, ba mataimaki, ba kayan aiki, da risho take koyarwa.”

Ya ce, “Ita kaɗai?”

Na ce, “Ita kaɗai tilo. In ba ta nan, ko ƙofar ɗakin gwajin ba wanda ya san yadda ake buɗewa.”

Auta, da kin ga yadda ya girgiza kai! Nan take ya aika aka nemo fayil ɗinki. Yana can tsakiyar wani tari mai tsayin gwiwata, wallahi da ban je ba sai baɗi. Ya zare shi, ya haɗa da takardar sakamakon, ya yi rubutu da jan biro a kai, ya ajiye shi daban a gefen damansa. Ya ce, “Kin kyauta da kika zo, Hajiya. Irin waɗannan malaman ba ma wasa da su.”

Na fito ina taku ɗai-ɗai, masinjan nan har da buɗe mini ƙofa. Sai ki fara ɗaure kaya. Kuma in kin tashi godiya, ba na karɓar ta baki, yadi nake so mai kyau.

Yayarki da ta iya shiga ofis

*

Daga shago, ranar Asabar

Auta,

Da safen nan direbanku ya kawo takardarki ta ranar Litinin ta wancan satin. Wai motar ce ta lalace a hanya, ta kwana goma a gareji, takardar na cikin aljihun gaban mota.

Na karanta a tsaye, na karanta a zaune. Auta, me na yi?

Na rufe shago na ruga gidan Darakta. Matarsa ta ce ya yi tafiya, kuma ita ba ta sa baki a aikinsa sau biyu. Na koma ofis, yau Asabar yana rufe, amma na tarar da masinja a bakin get, ya ce fayil ɗin ya riga ya fita. Ban san inda ya fita ya tafi ba. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Yayarki

*

Daga makaranta, ranar Lahadi

Yaya,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Takardunki biyu sun iso rana ɗaya, ta murnar da ta kukan, kwana biyu kafin bikin. Ban amsa ba don ban san me zan ce ba, kuma ina ta gaya wa kaina wataƙila jan biron nan na alheri ne.

Wannan sashen ki karanta wa Inna. An yi biki jiya, ya yi kyau. Babban ɗakin taro ya cika da iyaye har waje. Yaranmu sun karɓi kofin kimiyya na yanki, an ba yarinyar da ta fi kowa a kemistiri littattafai, mahaifinta ya rungume ta yana hawaye a gaban jama'a. Inna, an kira sunan 'yarki an tafa mata, an kuma ƙara mata girma, yanzu ita ce shugabar sashen kimiyya.

Daga nan naki ne ke kaɗai.

An jera kujeru uku a gaba don masu tafiya, na zauna a ta ukun. Sunana na cikin takardar tsarin biki da aka buga. Agoguna uku na kan tebur, ni na naɗe su da hannuna, har da nawa. Na tashi na karanta jawabin malamin lissafi, na karanta na mai ɗakin karatu, kowa ya karɓi agogonsa. Nawa jawabin yana hannun mataimakiyar Firinsifal, ta miƙe ke nan za ta fara, sai baƙon da ofishin ilimi ya turo ya ɗaga hannu ya ce yana da albishir.

Ya buɗe ambulan ya karanta. Wai bisa la'akari da ƙwazon da ba a saba gani ba, an naɗa ni shugabar sashe, kuma zan ci gaba da aiki a wannan makaranta har sai an samu wanda zai maye gurbina.

Yaya, ɗakin nan kamar zai tsage. Yarana suka tashi da ihu, suka keta layi suka yo kaina, wasu na kuka suna cewa, “Malama ba za ta tafi ba! Malama ba za ta tafi ba!” Iyaye suka miƙe tsaye suna tafi. Na duba wajen Firinsifal, ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ni kuwa na yi ta murmushi, don mai hoto na tsaye a gabana. Ina son yaran nan, Allah ya sani, amma a wannan lokacin da za su sake ni da na fi son su. Malamin lissafi ya matso da kujerarsa ya ce mini a hankali, “Har sai an samu. Ni ma haka aka rubuta mini, 'yata.” Kafin a tashi wani ya ɗauke agogo na uku daga tebur, ban ga ko wane ne ba.

Da yamma na raka su bakin get na ɗaga hannu kamar kowace shekara. Na dawo ɗakina na tarar da akwatuna biyu a ɗaure da katifa a naɗe. Bokitina da labulena na riga na ba mai dafa abincin ɗalibai tun satin jiya. Yau da safe ta dawo mini da su da kanta, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu ina tsara maganganun da zan rubuto miki, masu zafi, kin san na iya tsara magana. Amma duk wanda na ɗauko sai in tuna awa biyun da kika yi kan benci saboda ni. Duk abin da kika gaya wa mutumin nan gaskiya ne, kuma ni na aiko miki da takardar.

Na yi tunanin ajiye aikin. Sai na tuna katin asibitin da Inna ke karɓar magani da shi, da sunan aikina aka buɗe shi. In na fita, ya rufe. Hutun ma ba nawa ba ne, 'yan ajin ƙarshe za su zauna karatun hutu, kuma shugabar sashe ce ke tsare su. Sati ɗaya aka ba ni, ƙarshen watan gobe. Zan sake cike takardar neman canji baɗi. Malamin lissafi ya bar mini ragowar fom ɗinsa, ya ce yana da guda huɗu da bai yi amfani da su ba.

Ƙanwarki,
Auta

*

Daga gida, ranar Juma'a

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Yara lafiya, maigida na gaishe ki. Ban buɗe shago ba kwana uku, na ce wa masu kaya ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Ki yafe mini, ƙanwata. Ban da abin da zan ce bayan wannan.

Na so in ɓoye miki abin da zan rubuta yanzu har ki zo, amma ke kika ce in riƙa faɗa miki gaskiya.

Satin nan jikin ya ƙara sauka. Motoci na tsayawa a layi, ba ta ɗaga kai. Jiya da hantsi na ga ta ɗan warware, ta ci abinci da kanta, na ce bari in karanta mata sashenta. Na zauna kusa da ita a bakin gado na karanta a hankali, kofin, da mahaifin da ya yi hawaye, da tafin da aka yi miki, da ƙarin girman. Ta saurara sosai, har tana gyaɗa kai. Da na gama ta yi murmushi ta ce, “Kai, wannan malama ta yi ƙoƙari. 'Yar gidan wa ce?”

Na ce, “Inna, taki ce. Auta ce, Autarki.”

Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da take wa baƙo don kada ya ji kunya. Sannan ta dafa hannuna ta ce, “Allah sarki. Iyayenta sun ji daɗi. In kin gan ta ki ce ta riƙe aikinta da kyau.”

Yayarki